Ƙofar Baya: Mako Guda da Guduma a Tsaunukan Kentaki

A cikin akwatin ƙarfe na marigayiya kakata akwai wani hoto baƙi da fari wanda ba ta taɓa yarda a rataye shi a bango ba. Tana tsaye a layi tare da wasu mata, goye da mahaifiyata, riƙe da rigar sanyi da wasu baƙi Turawa suka raba a majami'ar ƙauyenmu a ƙasar Zazzau. Tana murmushi. In an tambaye ta, sai ta ce rigar ta shekara goma tana kare 'ya'yanta daga hunturu, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina yi wa waɗanda suka kawo ta addu'a ba. Murmushin ne kawai ba nata ba. Cewa aka yi su yi.

Ni Bahaushe ne Kirista, kuma duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san kalmar mishan a matsayin abin da ke zuwa daga nesa ya same mu. Daga can makaranta ta zo, daga can asibiti, daga can Littafi Mai Tsarki da Hausa wanda aka buga a 1932 bayan wahalar shekaru da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka sha. Mu ne masu karɓa, mu ne masu godiya. Saboda haka ranar wata Lahadi a 2023, ina zaman ƙaro ilimin aikin jarida na 'yan watanni a jihar Ohayo ta Amurka, da aka yi sanarwa a cocin da nake zuwa cewa ana neman masu sa kai su tafi gabashin Kentaki gyaran gidajen da ambaliya ta rusa, ni ne na uku da ya rubuta sunansa. Na gaya wa faston cewa kira na ji a zuciyata. Ban yi masa ƙarya ba, amma ban gaya masa duka ba. Akwai wani ɗan daɗi da na ɓoye: jikan matar nan ta cikin hoto zai je ya taimaki Turawa matalauta a ƙasarsu.

Ya kamata in ɗan yi bayanin al'adar, don ba mu da irinta sak. A coci-cocin Amurka, musamman na Furotesta, tafiyar hidima ta ɗan gajeren lokaci abu ce da aka saba da ita kamar yadda muka saba da taron Zumuntar Mata. Mutum goma ko ashirin sukan ɗauki hutun mako guda daga wurin aiki, kowa ya biya kuɗin motarsa da abincinsa daga aljihunsa, su tafi wani wuri da ke cikin buƙata su yi aikin hannu. Wasu su ƙetare iyaka zuwa Meziko, wasu su hau jirgi zuwa Gwatamala ko Haiti, wasu kuma su tsaya cikin gida, a yankin tsaunukan Afalashiya ko gaɓar tekun kudu bayan guguwa. Galibi gini ake yi. Da safe a yi addu'a a fita aiki, da dare a taru a karanta nassi, kowa ya faɗi abin da ya gani a ranar.

Mu goma sha huɗu ne, a motoci uku, tafiyar kusan awa biyar. Akwai malamar makaranta, da ma'aikacin banki, da ɗalibai huɗu, da wani matashin injiniya mai son komai ya tafi bisa takarda. Jagoranmu wani dattijo ne da ya shekara arba'in yana kafinta kafin gwiwa ta zaunar da shi. A zauren wani ƙaramin coci muka shimfiɗa katifun iska, maza a gefe, mata a gefe.

Wanda ya san Amurka ta talabijin kawai ba zai gane gabashin Kentaki ba. Ƙasa ce ta tsaunuka masu duhun itatuwa, mutane kuma suna zaune a cikin kwaruruka masu tsawo da ƙunci, inda rafi da hanya da gidaje ke matse a fili guda, domin babu wani wuri mai lebur da za a yi gini. Kwal ne ya riƙe yankin kusan ƙarni guda, da ma'adinan suka rufe ɗaya bayan ɗaya sai aiki ya tafi ya bar tsofaffi da ciwon huhu. Talaucin wurin tsohon labari ne: a 1964, shekarar da Shugaba Lyndon Johnson ya ayyana yaƙi da talauci, a ƙaramar hukumar Martin da ke wannan yanki ya je ya tsuguna a barandar wani magidanci, aka ɗauki hoton da ya zagaya duniya. Mutanen yankin ba su manta da wannan hoto ba, kuma da yawansu ba sa tuna shi da alheri. Tun daga lokacin suke ganin 'yan jarida da masu agaji suna zuwa ɗaukar hoton talaucinsu suna komawa.

A ƙarshen watan Yulin 2022 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na kwanaki a jere. Cikin dare rafukan da yaro ke tsallakewa suka zama koguna, suka kwashe gidaje da gadoji da motoci a ƙananan hukumomin Knott da Perry da Breathitt da Letcher. Fiye da mutum 40 suka rasu. Mafi yawan gidajen ba su da inshorar ambaliya. Lokacin da muka isa an kusa shekara da faruwar abin, amma har yanzu akwai tsummoki da robobi maƙale a rassan itatuwa, sama da tsayin mutum biyu, suna nuna inda ruwan ya kai.

Gidan da aka ba mu na wata gwauruwa ce mai shekara saba'in da wani abu. Ita da marigayin mijinta, mahaƙin kwal, suka gina shi da hannunsu lokacin suna sabon aure. Ruwa ya shiga har kusa da silin, ya karya bangon baya. Tun daga nan take zaune a wata tsohuwar tirela da aka aje mata a tsakar gida. Wasu tawagogi kafin mu sun kwashe taɓo, sun ɓamɓare allunan bango da fumfuna ta cinye, sun sake daɓen katako. Namu shi ne mu tayar da bangon baya, mu sa taga, mu cusa audugar kare sanyi, mu lulluɓe da allo. Aikin kwana biyar, in ji takarda.

Gininsu ba irin namu ba ne. Babu bulo, babu tubali. Ƙashin bango na katako ne: a shimfiɗa ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, a jera na tsaye a tsakani, inci 16 tsakanin kowane biyu, a buga ƙusa. Katakon da ake amfani da shi sunansa biyu-da-huɗu, kuma a nan na yi abin kunyata na farko. Ni da digirina na aikin jarida na ɗauka suna ya dace da mai shi, wato kaurinsa inci biyu ne. Ashe bayan an busar da shi an goge, inci ɗaya da rabi yake. Na yi lissafina a takarda, na cire inci huɗu inda ya kamata in cire uku, na ɗauki zarton lantarki na yanka guda goma sha ɗaya. Dukansu suka gaza da inci guda. Katako in ya yi tsawo ana rage shi, in ya gaza sai haƙuri.

Abin da ya ƙara mini nauyi shi ne sanin da na yi daga baya cewa katakon ba na coci ba ne. Da ɗan kuɗin tallafin da ta samu ta saya, ta lulluɓe shi da tamfol tun kafin sanyi ya shigo, tana jiran masu hannu. Na je na same ta a bakin tirela, na cire hula, na ce, "Mama, na yi miki ɓarna." Ta zo ta duba, ta ɗaga guda ta jingina, ta ga giɓin. Ta ce, "Ɗana, da takarda ka auna ko da bangon?" Na ce da takarda. Ta karɓi tef daga hannuna, ta durƙusa da ƙyar, ta kafa bakinsa a ƙasa ta ja sama. Ta ce gidan nan ba shi da kusurwa ɗaya da ta miƙe, domin ita da mijinta ba su san aiki ba lokacin da suka gina shi, saboda haka kowane katako a auna masa wurinsa. Gajerun kuma kada a zubar, za su yi matakala da kanta. Sai ta koma ta zauna. Na so a ce faɗa ta yi mini.

A daren nan, bayan karatun nassi, ma'aikacin bankin ya tayar da maganar da kowa ke kauce wa. Ya ce ya lissafa abin da muka kashe mu goma sha huɗu, man mota da abinci da albashin kwanakin da muka bari, ya ga kuɗin zai ɗauki kafintoci uku na garin su gama aikin cikin kwana uku, ba tare da an lalata katako ko ɗaya ba. Bai dube ni ba, amma kunnuwana sun yi zafi.

Maganarsa tana da tushe, kuma masana sun riga shi faɗa. Bayan guguwar Mitch ta ragargaza Honduras a 1998, tawagogin coci daga Amurka da Kanada sun yi ta tururuwa zuwa ginin gidaje. Wani masanin zamantakewa Kirista mai suna Kurt Ver Beek, wanda ya daɗe yana zaune a ƙasar, ya bi sawu ya kwatanta gidajen da baƙi suka gina da waɗanda ƙungiyoyin cikin gida suka gina. Ya tarar cewa kuɗin da tawagar baƙi ke kashewa ya ninka kuɗin gina gida guda da hannun 'yan ƙasa fiye da sau goma, cewa iyalan da baƙi suka gina wa ba su fi sauran samun wani canji a rayuwarsu ba, kuma su kansu matafiyan, da suka koma gida suna cewa tafiyar ta sāke su, baikon da suke bayarwa bai ƙaru da wani abin kirki ba. A 2009 Steve Corbett da Brian Fikkert suka fitar da littafin When Helping Hurts, wanda ya yi ta yawo a coci-coci, yana gargaɗin cewa yi wa mutum abin da zai iya yi wa kansa yana raunana mai karɓa, yana kumbura mai bayarwa. Duk wanda ya taɓa ganin baƙi sun zo ƙauye sun yi wa aji fenti sun tafi, alhali masu fentin garin na zaune a gindin bishiya babu aiki, ya san wannan ba sai ya karanta littafi ba.

Dattijon kafinta ya saurara har aka gama. Ya ce lissafin daidai ne, sai dai a nemo masa kafintocin ukun. Duk mai iya riƙe guduma a wannan yanki yana da layin gidaje na watanni a gabansa, kuma masu iya biya yake fara yi wa. Ya ce da Honduras ne, inda magina ke neman aiki, da shi ma ya ce a aika kuɗi a zauna a gida. Wannan amsa ta gamsar da ni rabi. Ta nuna cewa a wannan wuri, a wannan shekara, hannunmu marar gwaninta ya fi babu. Ba ta amsa ɗaya tambayar ba, wadda ta fi damuna: me ya sa aikin yake bukatar sunan Almasihu a kansa, kuma wa yake amfana da sunan?

Washegari aka yi rigimar ƙofa. Zanen da ƙungiyar da ke tsara aikin ta ba mu ya nuna taga a bangon baya, kamar yadda gidan yake a da. Muna cikin haɗa gurbinta sai mai gidan ta zo ta ce ita ƙofa take so a nan. Injiniyan ya yi mata bayani cikin ladabi: an riga an sayi tagar, ƙofa tana bukatar ƙaton katakon kai da matakala a waje, za a ci kwana guda cur, kuma in aka yi haka ba za mu gama lulluɓe bango kafin Juma'a ba. Ya ƙara da cewa gidan yana da ƙofar gaba mai kyau.

Ta ce ƙofar gaba rafi take kallo. A daren ambaliya, wajen ƙarfe biyu, ta farka ta sauko da ƙafa ta ji ruwa. Ta je ƙofar gaba, ruwa ya danne ta daga waje, ta ƙi buɗuwa. Ta wannan tagar ta baya ta fita, mace mai shekara saba'in da rigar barci, gilashi ya yanke mata cinya, ta rarrafa ta hau tsaunin da ke bayan gidan ta rungume wata bishiya har gari ya waye. Ta faɗi wannan duka ba tare da muryarta ta canza ba. Ta ce ba za ta sake kwana a ɗakin da ba shi da ƙofa ta wajen tudu ba, in kuwa ba za a yi ba, a bar mata bangon a buɗe, jikanta zai yi in ya samu hutu.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na sha jin karin maganar, ban taɓa ganin ta tsaya a gabana da ƙafafunta ba sai ranar. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda muka yi jinkiri kafin mu yarda. Mutanen kirki ne, sun bar iyalansu sun zo kwana a ƙasa saboda Allah, amma kusan rabinmu, har da ni, zuciyarmu na kan Juma'a. Muna son mu ga bango a rufe, mu tsaya a gabansa, mu koma coci ranar Lahadi mu ce mun gama. Dattijon ne ya yanke magana. Ya naɗe zanen ya sa a aljihun baya, ya ce wa injiniyan, "Gidanta ne." Ya tura ɗalibai biyu gari su mayar da tagar su sayo ƙofa, ya cika kuɗin daga aljihunsa.

Daga baya na fahimci cewa waɗannan kalmomi biyu suna da tarihi a wannan harka. Babbar ƙungiyar gina gidaje ta Kirista a duniya, Habitat for Humanity, ta samo asali ne daga wata gona a kusa da garin Americus na jihar Jojiya. Sunanta Koinonia, kalmar Girkanci da ke nufin zumunta. Wani malamin Littafi Mai Tsarki kuma manomi, Clarence Jordan, ya kafa ta tare da wasu a 1942, baƙaƙe da farare suna aiki suna cin abinci a tebur guda a lokacin da hakan ke iya jawo wa mutum harsashi, kuma ya jawo: a shekarun 1950 an ƙaurace wa kayan gonarsu, an yi ta harbi cikin gidajensu da dare. A can wani lauya ɗan Alabama, Millard Fuller, wanda ya zama miloniya kafin ya cika shekara talatin sannan shi da matarsa Linda suka rabar da dukiyar, ya haɗu da Jordan. A 1968 suka fara wani tsari da ya saɓa wa sadakar da aka saba. Ra'ayin Jordan shi ne matalauci jari yake bukata da abokan aiki, ba masu tausaya masa daga sama ba. Saboda haka ba a ba da gidan kyauta. Mai gida zai zuba ɗaruruwan awoyi na guminsa a ginin nasa da na maƙwabta, sannan ya biya kuɗin kayan a hankali, ba riba ba kuɗin ruwa, abin da ya biya kuma a gina wa wani da shi. Hujjarsu ta hana ruwa daga Littafin Fitowa suka ɗauko ta, sura 22, inda aka hana cin ruwa a kan bashin matalauci. Masu karatu Musulmi za su ga sun san wannan hukunci tun daga makarantar allo. Fuller da iyalinsa sun gwada tsarin a Mbandaka ta ƙasar Zayar, Kwango ta yau, daga 1973, suka dawo suka kafa Habitat a 1976. Tsohon Shugaba Jimmy Carter ya shiga aikin a 1984, bai daina ba har tsufa ya ci ƙarfinsa. A 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki a goshi, amma aka gan shi a wurin gini a Nashville da baƙin ido.

Ba a ƙarƙashin Habitat muka je ba, kuma ba na cewa tsarinsu ba shi da masu suka. Abin da ya ja hankalina shi ne, da na tuɓe masa rigar Turanci sai na ga gayya. A ƙauyenmu in za a ɗora jinka, mai ɗaki ne ke kiran mutane, shi ke nuna inda ƙofa za ta kalla, matarsa ce ke dama kunun da za a sha, kuma kowa ya san gobe shi ma za a kira shi gonar wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma duk yawan hannuwan, ɗakin bai tashi daga na mai shi ba. Babu wanda ke fita daga gayya da sunan mai taimako, babu wanda ake bari da sunan abin tausayi. Abin da ya ɓace a hoton kakata ke nan. An ba ta riga mai kyau, ba a bar mata wata hanya ta zama mai bayarwa ba, sai murmushi.

Ranar Laraba mai gidan ta aiko jikarta ta ce kada mu ci burodin da muka ƙunso, ta yi girki. Wake ne da aka dafa da ƙashin naman alade, da wainar masara da ake gasawa a kaskon ƙarfe, da ɗanyar albasa. Wannan shi ne tuwo da miyar kukar mutanen tsaunin. Malamar makarantar ta raɗa wa dattijon cewa bai dace mu goma sha huɗu mu cinye abincin matar da ke zaune a tirela ba, ko a ba ta kuɗin cefanen. Ya ce in ta kuskura ta ciro kuɗi, da ƙafa za ta koma Ohayo. Muka zauna a kan bokitan fenti muka ci, muka ƙara. Ita ce ta sa albarka a abincin, kuma a cikin addu'arta ta roƙa wa "yaron nan na Afirka" Allah ya kiyaye mahaifiyarsa da ke nesa. Na zo da niyyar in yi mata addu'a. Ban taɓa kawowa a raina cewa ita za ta yi mini ba.

A daren aka ba ni jagorancin karatu, na zaɓi Yohanna sura 13, inda Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Tun ina makarantar Lahadi ake koya mana wannan wuri a matsayin darasin tawali'un mai hidima: ka sunkuya, ka yi wa na ƙasa da kai aiki. A wannan dare idona ya tsaya a kan Bitrus, wanda da farko ya ƙi a wanke masa, har sai da aka nuna masa cewa ƙin karɓa zai raba shi da Ubangijinsa. Na ce wa 'yan'uwa, a ganina mu duka mun zo ne muna son matsayin mai tawul, domin ko da yake a durƙushe yake, shi ne jarumin labarin. Kujerar Bitrus ce mai wuya, inda za ka miƙa ƙafarka mai datti a gaban mutane. Matar nan ta kusa shekara tana zaune a wannan kujera, baƙi na shiga ɗakin kwananta suna ganin abin da ruwa ya bari. In bangaskiyarmu ba ta kai mu ga zama a kujerar ko na awa guda ba, mu ci wakenta, mu karɓi gyaranta, mu bar ta ta rushe mana tsari, to abin da muke yi sunansa nuna kai, ko da an buɗe shi da addu'a. Malaman Musulunci suna da kalma guda mai kaifi a kan wannan, riya, kuma na ga tana aiki a coci kamar yadda take aiki a masallaci. Sai na gaya musu dalilin da ya sa na rubuta sunana tun farko, har da ɗan daɗin da na ɓoye wa fasto. Aka yi shiru. Ma'aikacin bankin ya ce shi kuma matarsa ce ta ce ya zo ko ya huce daga mutuwar ƙaninsa.

Wani zai tambaya ko an yi wa'azi. Ba a yi ba, kuma babu wanda za a yi wa: matar ta fi mu sanin Littafin, a cocin Baftis na kwarin aka yi mata baftisma tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Dokar tawagar ma ita ce ba a haɗa taimako da sharaɗin addini, wanda kuma ya tambaya a amsa masa. Na san ba ko'ina ake kiyaye wannan ba, kuma na san dalilin da ya sa mutanenmu da yawa ke ɗaga gira in sun ji agaji da mishan a jimla guda. Buhun hatsi da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ne, kowane addini ya ɗaura shi.

Ba mu gama ba. Ranar Juma'a da yamma ƙofa na tsaye, matakala uku da aka yi da gajerun katakona na gangarawa zuwa gindin tudu, an cusa audugar sanyi, amma rabin bangon ƙashi ne tsirara, sai wata tawaga ta zo. Ɗaya daga cikin ɗaliban ta fito da waya ta ce a taru a yi hoto da mai gida a tsakiya. Na ji cikina ya juya. Kafin in buɗe baki matar ta ce ita ba ta shiga hoto, gashinta ba a gyare yake ba, kuma an ɗauke ta isasshe a bara. Ta miƙa hannu aka ba ta wayar. Ta jera mu a kan matakala, ta ce dogaye su koma baya, ta ce wa injiniyan ya cire hannu daga aljihu, ta ce mini in daina ɗaure fuska kamar wanda aka kama da akuya. Hoton ya ɗan karkace, kuma yatsanta ya rufe kusurwa guda. Ina da shi a bangon ofishina.

A tsakiyar Fabrairun 2025 ruwa ya sake cika kogunan gabashin Kentaki. Ina Kaduna na ga labarin, na aika wa dattijon saƙo. Bayan kwana uku ya amsa. Ya ce ya same ta a waya. Ruwa ya shigo tsakar gida ya tsaya a matakalar gaba ta biyu, bai shiga ɗaki ba. Ta kwana a kujera da takalmanta a ƙafa, da tocila a cinya, ƙofar baya a buɗe duk da sanyi. Ta ce a gaya wa yaron nan na Afirka ƙofar tana cijewa in an yi damina, amma jikanta ya goge gefen da ke kamawa.